Fashin baƙi: Yaya mai gidan kallon ƙwallo zai gane ko jin daɗin 'yan kallo yana zame masa riba?

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi ba ka ga gidan kallon ƙwallo ba. Rumfar kwano ce ko zaure mai faɗi, ga bencina a jere, talabijin biyu ko uku an kafe a bango, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta kuma na ta ruri a baya. Sana'a ce da ta rufa wa matasa da yawa asiri, kuma tana sahu ɗaya da sauran wuraren da ake sayar da nishaɗi: wuraren wasan yara, filayen ƙwallo na haya, gidajen motsa jiki, wuraren ninkaya, shagunan wasan kwamfuta. Abin da ya haɗa su shi ne hajarsu ba ta shiga leda. Mutum ya biya, ya zauna awa biyu, ya tashi, ba abin da zai tafi da shi gida sai abin da ya ji a ransa. In ya ji daɗi ya dawo, in bai ji ba ya nemi wani wuri, kuma galibi ba zai yi wa mai gida sallama ba.

To ta yaya mai irin wannan sana'a zai auna gamsuwar mutanensa, kuma da gaske ne gamsuwar tana komawa kuɗi? Abin da na tsaya a kai shi ne tana komawa, amma ba kai tsaye ba. Sai ta bi ta dawowa: mutum ya dawo, ya zo da wani, ya kuma ci gaba da zuwa ko an ƙara kuɗin shiga. Duk ma'aunin da bai taɓa wannan ba, yabo kawai yake tarawa.

Mu fara da lissafi, don nan ne tushen maganar. Kusan duk kuɗin da mai gidan kallo ke kashewa tsayayyu ne. Kuɗin wata na DStv, ko Canal+ a Nijar, ba ya raguwa don mutane sun yi kaɗan. Janareta zai sha man da zai sha ko mutum ashirin ne a ciki ko ɗari da ashirin. Haka haya, haka sallamar yaran gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba, sai wannan ɗawainiya ta ƙara nauyi a wuyan masu sana'ar.

Mu ɗauka, don misali kawai, kuɗin shiga naira 200 ne, kuma idan aka raba duk ɗawainiyar gidan a kan wasannin da ake nunawa, kowane wasa yana cin naira 12,000. Mutum 60 na farko uwar kuɗi suke mayarwa. Idan mutum 80 suka shiga, riba naira 4,000. Mutum 10 su daina zuwa, wato ɗaya cikin takwas, riba ta koma 2,000, rabi ya tafi. Su kai 20, an yi aikin banza. In kuwa ƙarin mutum 10 aka samu, riba ta zama 6,000 ba tare da an ƙara ko cokali ɗaya na mai ba. Ribar wannan sana'a a bencin baya take zaune, wurin mutanen ƙarshe da suka shigo, kuma su ne suka fi saurin gudu domin su suka fi shan zafi, su ne ba sa ganin hoto sosai.

Sannan ɗan kallo ba na rana ɗaya ba ne. Gasar Firimiya ta Ingila wasa 380 ce a kaka guda, daga Agusta zuwa Mayu, ga La Liga, ga Gasar Zakarun Turai daren Talata da Laraba. Wanda ke zuwa sau uku a mako har tsawon mako 40 zai ajiye naira 24,000 a wancan farashin. Ba kuma shi kaɗai yake zuwa ba. 'Yan kallo majalisa-majalisa suke tafiya, kuma kowace majalisa tana da mai faɗa a ji. In aka ɓata masa rai a kan canjin naira hamsin, ya ce wa abokansa "mu koma gidan bayan layi", to ba mutum ɗaya aka rasa ba.

Masana harkar kasuwanci sun daɗe da lura da haka. A 1990 Frederick Reichheld da Earl Sasser suka wallafa wani nazari a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, inda suka nuna cewa a kamfanonin da suka duba, rage gudun kwastomomi da kashi 5 cikin ɗari yana iya ƙara riba da kashi 25 zuwa 85 cikin ɗari. Ana yawan jefa wannan adadi a tarukan horar da 'yan kasuwa kamar ya hau kan kowa. Bai hau ba. Bankuna da kamfanonin inshora da masu gyaran mota da makamantansu aka duba, a wata ƙasa, a wani zamani. Darasin dai ya tsaya: inda ɗawainiya take tsayayya, kuma mutum ɗaya yake dawowa sau da yawa, riƙe tsohon kwastoma yana da daraja fiye da yadda ido ke gani. Gidan kallo kuwa ya cika sharuɗɗan biyu.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake tambaya. An tashi daga wasa, mai gida na tsaye a bakin ƙofa, ya tare wani ya ce, "Malam, yaya dai, an ji daɗin kallo?" Shi kuwa ya ce, "Wallahi Alhaji ba laifi, Allah Ya ƙara buɗi." Mai wannan amsa yana iya zama shi ne wanda fanka ba ta kai wurinsa ba, wanda aka yi ta busa masa hayaƙin sigari, wanda ya riga ya ƙudurta a ransa ba zai sake zuwa ba. Ba ƙarya ya yi ba, kara ya yi. Mu mutane ne da ba ma kushe abin mutum a gaban idonsa, balle in ya girme mu ko muna haɗuwa a masallaci. Wannan hali ne mai kyau a zamantakewa, amma yana makantar da ɗan kasuwa.

Ko a inda mutane ba su da irin wannan kara, an gano cewa matsakaicin yabo ba abin dogaro ba ne. Kamfanin Xerox mai injinan kwafin takardu ya daɗe yana tambayar kwastomominsa su ba shi maki daga 1 zuwa 5, yana kuma haɗa masu 4 da masu 5 wuri ɗaya a matsayin waɗanda suka gamsu. Da ya zauna ya raba su a farkon shekarun 1990, sai ya ga masu ba da 5 sun ninka masu ba da 4 har sau shida wajen yiwuwar sake sayen kayansa. Mai 4 ba shi da ƙorafi, amma ba abin da ya ɗaure shi. Gobe aka buɗe wani wuri kusa da gidansa, ya tafi. Mai cewa "ba laifi" a ƙofar gidan kallo shi ne mai 4 ɗin nan, in ma bai gaza haka ba.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da gidan kallo, ita ce rabin abin da ke faranta wa mutum ko ɓata masa rai ba a hannun mai gida yake ba. Magoyin bayan Manchester United da aka zura wa ƙungiyarsa uku, ko ruwan ƙanƙara ka ba shi kyauta ba zai ba ka maki mai kyau a daren nan ba. Ɗan Arsenal da ƙungiyarsa ta ci a minti na casa'in zai yafe maka karyayyen benci. Duk wanda ya auna gamsuwa da tambaya ɗaya dunƙulalliya bayan an tashi wasa, sakamakon wasan ya auna. Dole a tsattsage tambayar zuwa abubuwan da mai gida ke da iko a kansu: hoto ya yanke? ana jin muryar mai sharhi daga baya? akwai zafi? an samu wurin zama? yaron ƙofa ya yi mutunci? babur ɗin da aka ajiye a waje an same shi yadda aka bar shi?

A 1980 wani masani mai suna Richard Oliver ya tsara bayanin da har yau ake gina yawancin ma'aunan gamsuwa a kansa: gamsuwa tazara ce tsakanin abin da mutum ya sa rai da abin da ya tarar. Wannan yana bayyana abin da ke ɗaure wa masu gidajen kallo kai. Gida mai kuɗin shiga naira 100 da tsohuwar talabijin yana iya samun mutanen da suka fi gamsuwa a kan gida mai majigi da kujerun roba da ke karɓar 500, domin wanda ya biya 500 ya shigo da tsammani mai tsawo. Duk wanda ya ƙara kuɗi ya ƙara alƙawari, ko bai furta ba. Haka wanda ya rubuta a allo cewa zai nuna wasa uku lokaci guda alhali dikoda biyu gare shi, da hannunsa ya haƙa wa kansa rami.

Ma'aunin da ya fi tashe a duniyar kamfanoni a yau shi ne wanda Reichheld ɗin nan ya fito da shi a 2003. Tambaya ɗaya ce: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka tallata wurin nan ga aboki? Masu 9 da 10 su ne masu tallatawa, masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, masu 6 zuwa ƙasa masu kushewa. Sai a cire kason masu kushewa daga kason masu tallatawa. In cikin mutum 100 aka samu 40 masu tallatawa, 35 'yan ba-ruwanmu, 25 masu kushewa, makin gidan 15 ke nan. Kyawunsa shi ne sauƙi, kuma ya karkata tambayar daga "ka ji daɗi?" zuwa "za ka sa sunanka a kai?", wadda ta fi nauyi. Amma da'awar da aka yi cewa ya fi kowane ma'auni hasashen bunƙasar kamfani ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2007 Timothy Keiningham da abokan aikinsa suka sake gwadawa da bayanan kamfanoni na shekaru da dama, ba su ga ya fi ma'aunan gamsuwa da aka saba da su ba. A ganina, ga mai gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada, lambar ba ta da amfani sosai. Mutum talatin da ka tambaya ba su isa a gina lissafi a kansu ba, kuma kara za ta tura kowa zuwa 8 da 9. Abin da ke da amfani shi ne tambayar da ke biyo baya: me ya sa?

Tambayar da na fi ganin tana fito da gaskiya ita ce wadda ta ba mutum izinin kushe ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba. "Da kai ne mai gidan nan, me za ka fara gyarawa?" Wannan shawara aka nema, ba hukunci ba, kuma Bahaushe ba ya rowar shawara. Kada kuma mai gida ya yi tambayar da bakinsa. A sa wani matashi sa'ansu, wanda suke musun ƙwallo tare, ya yi ta a hutun rabin lokaci.

In amsoshi suka taru, ba duka suke da nauyi ɗaya ba, kuma nan ne ake asarar kuɗi. Wani farfesa ɗan ƙasar Japan, Noriaki Kano (sunansa ke nan, ba shi da alaƙa da birnin Dabo), ya raba abubuwan da kwastoma ke kula da su gida-gida a 1984. Akwai na dole, waɗanda in suna nan ba mai yabawa, in babu su kuwa sai tashin hankali. Akwai waɗanda iya yawansu iya jin daɗi, kamar girman talabijin da yawan fanka. Akwai kuma na ba-zata, waɗanda ba wanda ya sa rai da su, amma in aka yi sai su burge, kamar jarkar ruwan sanyi a lokacin zafi ko wurin cajin waya kyauta.

A gidan kallo, na dole na farko shi ne kada hoto ya yanke. Kowa ya san yadda abin yake. Alƙalin wasa ya nuna fenareti, ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, ɗaki ya yi tsit, sai NEPA ta ɗauke wuta. Duhu, sai ihu. Yaron gida ya ruga baya da fitilar waya a baki yana fizgar igiyar janareta, sau ɗaya, sau biyu, sai a na huɗu ya tashi. Talabijin ta kawo, amma dikoda sai ta gama lodinta. Kafin hoto ya dawo an riga an jiyo sowa daga gidan kallon bayan layi, masu data kuma sun gani a waya sun faɗa wa kowa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Oga, a ba mu kuɗinmu!" Minti uku ne kacal cikin casa'in, amma su mutum ya biya domin ya gani. Mai gidan da ya sayi kujerun roba masu kyau da fentin bango alhali bai sayi ɗan batirin da zai riƙe dikoda da talabijin ba, ko bai yarda ya tada janareta tun kafin babban wasa ya fara ba, ya fara gini daga rufi. Abin burgewa ba ya biyan bashin abin dole.

Farfesa Kano ya kuma lura cewa abin ba-zata ba ya dawwama a matsayinsa. Cajin waya kyauta yau abin yabo ne, in gidaje uku a unguwa suka fara yi, gobe ya zama dole. Don haka aunawa ba aikin rana ɗaya ba ne.

Duk da haka, bakin mutum shaida ce ta biyu. Ta farko ƙafarsa ce, kuma auna ta ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, wasan da aka nuna, mutum nawa suka shiga, minti nawa hoto ya yanke, an yi rigima ko ba a yi ba, lita nawa aka sha. Sirrin karanta littafin shi ne kada a ruɗu da ranar babban wasa. Ranar da Real Madrid ta haɗu da Barcelona kowane gida cika yake yi, har da wanda rufinsa ke yoyo, domin wasan ne ya kira mutane. Gidan da kansa ana gane shi ne ranar da ƙananan ƙungiyoyi biyu ke wasa da yammacin Lahadi ko daren Litinin. Wanda ya zo a irin wannan rana wurin ya zo, da mutanen wurin. In adadin ƙananan ranaku yana zaizayewa mako bayan mako alhali manyan ranaku na cika, gidan ya fara ciwo, kuɗin ƙofa ne bai nuna ba tukuna.

Wasu kan yi kati, a buga hatimi duk shiga, wasa na goma kyauta. A sani cewa wannan ragin kusan kashi 10 cikin ɗari ne, kuma da yawa cikin masu cin moriyarsa da ma za su zo ko babu kati. Amfaninsa na gaskiya shi ne yana nuna wa mai gida su wane ne 'yan gida, kuma yaushe ɗayansu ya ɗauke ƙafa. Nan ne aikin da kusan ba mai yi, wato bin sawun wanda ya tafi. Duk tambayar da aka yi a cikin gida, waɗanda suka rage aka tambaya, su kuwa da ma sun iya zama da halin gidan. Wanda ke riƙe da labarin da ake buƙata yana can wani wuri. A kira shi, ko a tare shi a majalisa: "Kwana biyu ba mu gan ka ba, lafiya dai?" Wani aure ya yi, wani ya tashi daga unguwar, wani ya sayi tasa dikodar, wani ya koma kallo a waya. Waɗannan ba laifin gida ba ne. Amma in mutum uku suka ce saboda 'yan shaye-shayen da ke zama a lungun baya ne, ko saboda an sace wa wani waya, to an samu abin da shekara guda ta tambayar "an ji daɗi?" ba za ta bayar ba.

Wani abu da ya kamata masu wuraren nishaɗi su riƙe shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye labari. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, shi da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a 1993. An sa mutane tsoma hannu a ruwan sanyi mai ciwo na daƙiƙa 60, sannan a wani zagayen aka sa su daƙiƙa 60 ɗin da ƙarin 30 da aka ɗan rage sanyin a cikinsu. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita musu, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, duk da wahalarsa ta fi yawa, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Mutum ba ya tara mintoci ya raba, wurin da abu ya fi tsanani da yadda ya ƙare yake tunawa. Wasan Zakarun Turai yakan tashi ƙarfe goma ko sha ɗayan dare a agogonmu. Ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya, turereniya, duhu a waje don an kashe janareta da busa ta ƙarshe domin a tsimi mai, mutum na laluben babur ɗinsa da fitilar waya. Wannan shi ne abin da zai kwana da shi. Barin ƙwan fitila ɗaya a waje na minti goma da tsayar da mai gadin babura har kowa ya watse ba su kai kuɗin kujera biyar ba.

Sai dai gaskiya ita ce ba ko'ina gamsuwa ke tafiya da riba ba, kuma duk mai cewa kullum suna tare bai faɗi duka ba. A 1995 Thomas Jones da Sasser suka nuna cewa ƙarfin alaƙar ya danganta da ko kwastoma yana da zaɓi. Inda gasa ta yi zafi, da gamsuwa ta ɗan ragu sai mutane su watse. Inda babu zaɓi, mutane na nan ko ransu a ɓace yake, har suka kira irin waɗannan da waɗanda aka yi garkuwa da su. Gidan kallo ɗaya tilo a ƙauye yana iya cin riba da mummunan aiki shekara da shekaru. Haka wuraren wasan yara a ranakun Sallah. Uba ya yi wa 'ya'yansa alƙawari tun cikin azumi, wuraren zuwa a garin ba su da yawa, zai biya ko an ninka tikiti, zai tsaya a layin lilo cikin rana ko awa nawa ne. Mai wurin ya ƙirga kuɗi da dare ya ga kasuwa ta yi kyau. Abin da littafinsa ba zai nuna masa ba shi ne yawan iyayen da ke jiran ranar da wani zai buɗe wuri na biyu.

A irin wannan wuri ma wa za a tambaya? Yaro ya hau lilo, an saya masa alewa da balan-balan, kullum goma zai bayar. Uba ne ya biya, amma sau da yawa uwa ce ke yanke ko za a sake zuwa, ita kuwa abin da ta gani daban ne: halin da banɗaki yake ciki, ko akwai inuwar zama da wurin alwala da salla, ko samari na takura wa 'yan mata, ko da yaro ya ɓace a cunkoso akwai wanda za a nufa. Ma'aunin gaskiya na wurin wasan yara shi ne Asabar ɗin da ba Sallah ba, da makarantun da ke kawo ɗalibai yawon buɗe ido su sake dawowa baɗi. Akwai kuma abin da ba na yarda a ɗora shi a kan sikelin gamsuwa ko na riba sam, shi ne lafiyar injinan da yara ke hawa. Uwa ba ta ganin kusar da ta yi tsatsa a saman lilo, don haka ba za ta taɓa rage maki saboda ita ba. Wannan amana ce, a duba ta ko ana tambaya ko ba a tambaya.

Har akwai sana'ar nishaɗin da ke cin riba daga rashin zuwan mutane. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi bayanan gidajen motsa jiki uku a Amurka suka wallafa a 2006. Masu biyan kuɗin wata sama da dala 70, a matsakaicin lissafi, sau huɗu da ɗoriya kawai suke zuwa a wata, wato kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali akwai tikitin da za su iya saya a dala 10 duk zuwa. A takarda riba ce mai kyau. Amma kuɗi ne da aka samu daga kyakkyawar niyyar mutum da kasalarsa, kuma ranar da ya zauna ya yi lissafi zai fita. Gidajen motsa jiki da ke buɗewa a Abuja da Kano da Kaduna da tsarin biyan wata su lura da wannan: wanda ya biya bai zo ba, ba kwastoma mai gamsuwa ba ne, mai shirin tafiya ne.

Ta ɗaya gefen kuma ana iya faranta wa mutane har a karye. Kamfanin Wallace da ke Houston a Amurka, mai sayar da bututu da kayan aikin man fetur, ya ci babbar lambar yabo ta ƙasa kan ingancin aiki a 1990, bai cika shekara biyu ba ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Mai gidan kallon da ya sa na'urar sanyaya ɗaki a unguwar da mutane ba za su iya biyan fiye da naira 200 ba zai sha yabo, man da na'urar ke sha kuma zai cinye shi. Kafin kowane gyara, tambayar ita ce mutum nawa zai riƙe ko zai jawo, kuma wasa nawa za a yi kafin ya mayar da kuɗinsa. Batir na dikoda yana amsa wannan tambaya cikin sauƙi. Fentin bango da hoton 'yan wasa ba ya amsawa.

A kuma yi hattara da juya sababi. In aka ga gidajen da suka fi riba su ne mutanensu suka fi gamsuwa, ba lallai gamsuwar ce ta haifi ribar ba. Wataƙila gidan yana bakin titi ne, ya samu kuɗi, ya sayi janareta mai kyau, sai gamsuwa ta biyo baya. Hanyar da mai gida zai raba gardama ita ce ya canza abu ɗaya tak, ya rubuta ranar, ya bar sauran yadda suke, ya zuba wa littafinsa ido mako shida ko takwas. In ya gyara sauti da fanka da farashi duk a mako ɗaya, ko mutane sun ƙaru ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Ban ce komai ba tukuna game da yaron ƙofa, alhali shi ne fuskar gidan. Masanan Harvard da suka tsara abin da suka kira sarƙar hidima da riba a 1994 daga ma'aikaci suka fara ƙirga: yadda aka riƙe shi, sai yadda yake riƙe kwastoma, sai dawowar kwastoma, sai riba. Yaron da ake sallama da abin da bai kai kuɗin abincinsa ba zai shigar da abokansa ta bayan fage, zai ce babu canji, zai yi wa dattijo tsawa. Mai gida yana can yana neman dalilin raguwar mutane a talabijin da fanka. Haka maƙwabta, waɗanda ba sa biyan ko sisi amma suna iya sa a rufe gidan. Wasan yamma yana cin La'asar ko Magariba, na dare yana hana mutane barci. Gidan da ya tanadi buta da tabarma, yake rage sauti in an kira salla, yake hana yara 'yan makaranta zama har tsakar dare, yake kuma korar masu caca da shaye-shaye, iyaye ba sa hana 'ya'yansu zuwa, mai unguwa kuma ba ya karɓar ƙara a kansa.

Ranar da duk wannan ke bayyana ita ce ranar ƙarin kuɗi, kuma a halin da ake ciki na tsadar mai da kuɗin wata, ba mai gidan da zai kauce mata. A sanar tun mako biyu kafin ranar, a faɗi dalili a fili, kada a fara da ranar babban wasa don kada a ce an yi amfani da dama. In daga 200 aka koma 250, a misalinmu na baya mutum 64 za su kawo abin da 80 ke kawowa, wato gidan zai iya jure rasa mutum 16 kafin ƙarin ya zama asara. Makon farko kowa zai yi gunaguni, wasu su yi yaji, wannan ba ya nuna komai. A jira mako na biyar da na shida, a buɗe littafi a shafin ƙananan wasanni, a ƙirga masu kati nawa suka dawo.